Na Kai Kanwa Kumasi, Na Dawo Da Tasa

Umma ce ta ɗaure kayan da hannunta, ba ta bar kowa ya taɓa ba. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, man shanu a ɗan galan, atamfa turmi biyu, sai wani ƙulli da ta naɗe a tsohon ɗankwalinta. Na ɗaga na ji nauyi kamar dutse.

"Umma, wannan fa?"

"Ungurnu ce. Ki danƙa mata a hannu, kar ki ba kowa ya miƙa."

Na ce kanwa kuma har ƙasar Gana, sai ka ce ba su da kasuwa? Ba ta tanka ba, ta ci gaba da cusa kaya a buhun nan mai ratsi-ratsi da muke ce wa Gana-mas-go. Da muka ja zif ɗin sai muka kalli juna muka tuntsire da dariya. Buhun ya sami sunansa ne a 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori 'yan Gana, amma ita Umma tata korar ta riga wannan. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya tattara ya bar ƙasar. Umma tana da shekara goma sha biyu aka jefa ta bayan babbar mota tare da mahaifinsu, aka nufo Kano, garin da ba ta taɓa gani ba sai a bakin manya. Yayarta, wadda muke kira Inna, ba ta shiga motar ba. Tun daga nan sau biyu suka sake haɗuwa: da rasuwar mahaifinsu, da kuma a Makka.

Bayan ƙaramar Sallah aka bugo waya cewa Inna ta faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinta ya shanye. Umma ta yi kwana uku ba ta cin abincin kirki. Gwiwoyinta ko masallacin unguwa ba sa kai ta. Da hutun ƙarshen shekara ya zo, ni kuma malamar makaranta ce, sai ta ce, "An ce zumunta a ƙafa take, ni tawa ƙafar ta ƙi. Ki je ki zame mini ƙafa."

Hanyar ba zan tsawaita ba. Yini da kwana daga Kano zuwa Legas, ƙafafuna suka kumbura kamar an hura. Daga nan Badagiri, Seme, Kwatano, sai Togo, wadda ta bakin teku ko kilomita 60 ba ta cika ba, kafin ki gama ɓare gyaɗarki kin fita. A Lome titi yana bin gaɓa, a nan na fara ganin teku da idona ina da shekara arba'in da shida, na kuwa saki baki kamar 'yar ƙauye. Shingayen hanya ban ƙirga ba. A biyu daga ciki sai da na kwance ɗankwalin Umma, wani ma ya ɗanɗana a harshe ya yamutse fuska ya miƙo mini abina. A Aflawo, iyakar Gana, aka duba katin allurar shawara, na mayar da agogo baya da awa ɗaya, abin da ya kamata in yi tun shigarmu Togo, muka haye kogin Bolta ta gadar Sogakofe, muka shiga Akra da dare. Tsofaffinmu Ankara suke ce mata, har yau Umma haka take faɗa.

A unguwar Nima na kwana, gidan wasu dangin mijina na nesa. Da asuba kiran salla ta ko'ina, mai koko ta kafa tukunya a bakin kwata, ƙosai yana soyuwa, yara na faɗa da Hausa. Kokon nan duk ƙasar da sunanmu ake kiransa, Hausa koko. Shinkafa da wake kuma ta zama abincin kowa, suna ce mata wace, wato wakenmu ne harshe ya lanƙwasa. Ina zaune da kofi a hannu na tuna da labarin da kowane Bakano ya kamata ya sani. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, mahaifiyarsa Amarya 'yar kasuwa ce. Da mijinta ya rasu sai ta taho nan Ankara, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Yaron ya girma ya biyo uwarsa har nan, ya koma ya zama attajirin da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa. Sunan da zuriyar take ɗauke da shi har gobe, sunan da ke jikin kamfanoni da tituna, ba na uba ba ne, ba na uwa ba ne. Na tsohuwar da ta yi raino ne. Ban san me ya kawo mini wannan tunani a safiyar ba, amma daga baya na yi ta komawa kansa.

Daga Akra zuwa Kumasi wajen kilomita 250 ne, mun ci awa shida saboda cunkoso. Daji kore shar, ayaba da rogo da koko na cakulan, duwatsun Nkoko sun tokare sama. Duk goron da na tauna a rayuwata ban taɓa ganin bishiyarsa ba sai da wani dattijo da ke gefena ya nuna mini ta taga. Ashe wannan ce bishiyar da ta kwaso kakanninmu daga gidajensu.

Gidan Inna yana Aboabo, cikin unguwannin zango, ba nisa da fadar Manhiya ta sarkin Asante, waɗanda tsofaffinmu ke kira Tonawa. Gidan haya ne mai ɗakuna goma sha huɗu, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Mosawa, Zabarmawa, Dagwamba, Kotokoli, kowa da yarensa a ɗaki, amma a bakin famfo Hausa ake yi. Wata siririyar yarinya ta tare ni ta karɓi buhun, ta ɗora a ka kamar ba komai. Jikar Inna ce, autar uwarta, kowa Auta yake ce mata. Shekararta goma sha shida, hannayenta kuwa na babbar mace ne.

"Anti, sannu da zuwa. Kaka na ya yi barci, amma yanzu zai tashi."

Na waiga ina neman tsohon. Sai da na yi kwana biyu kafin kunnena ya saba: a Hausar zango mace ma "ya zo" ne, "ya tafi". Ni malamar da ke jan layi da jan biro a kan irin wannan, na haɗiye gyarana. Su ma dariya suke yi wa tawa, wai Hausar rediyo.

Inna tana kwance a katifa a ƙasa, ɓarin dama ya mutu, baki ya karkace. Fuskar Umma ce sak, har da ɗan tabon gira da na ɗauka Umma ce kaɗai ke da shi. Na durƙusa na gaishe ta, na isar da gaisuwa, na kwance ɗankwalin na sa mata dunƙulen kanwar a hannun hagu kamar yadda aka umarce ni. Ta kai hanci ta shaƙa, ta daɗe tana shaƙa. Hawaye ya zubo ta ido ɗaya. Kafin ta kai baki Auta ta zare abin a hankali.

"Likita ya hana. Ko gishiri ba ya ci. Jinin sa ne ya hau ya kawo wannan."

Wato iyaka uku na tsallako da abin da zai iya ƙarasa ta. Aka ajiye kanwar a saman kwaba, inda Inna za ta riƙa ganinta ba ta iya kaiwa.

Na zo da niyyar taimako, har ina ji da kaina. Daren farko ya sauke mini girman kai. Ƙarfe goma sha biyu wayar Auta ta yi ƙara, ta tashi ba tare da ta kunna fitila ba, ta juya Inna daga hagu zuwa rigingine, ta cusa matashi a tsakanin gwiwoyinta, ta shafa mata man kaɗe a ƙugu da diddige, ta koma ta kwanta. Ƙarfe biyu haka. Ƙarfe huɗu haka. Wata huɗu ke nan tana wannan, shi ya sa babu ko ƙwarzane a bayan tsohuwar, alhali mai irin wannan ciwo in aka bar shi a gefe ɗaya gyambon kwanciya ne ke fara cinye shi tun kafin ciwon kansa. Na ƙarfe huɗun na ce bari in karɓe ta. Na kama Inna ta hammata na ja. Ta yi wata ƙara da har yau nake ji. Auta ta zabura ta ture hannuna.

"Ba a jan hannun da ya mutu, Anti, kafaɗa zai goce. Zane ake ja."

Sai a lokacin na lura da wani zane da aka ninka biyu aka shimfiɗa a ƙarƙashinta, daga kafaɗa zuwa cinya. Gefensa ake damƙa, a kafa gwiwa a katifa, a jawo, sai mutum ya mirgino kamar jariri. Na ce wa ya koya miki? Ta nuna Inna da haɓa. Tana da shekara tara take bin ta gidajen marasa lafiya tana riƙe mata bokiti. Inna kuma wa ya koya mata? Kaka.

Labarin Kaka ban same shi a dunƙule ba. Wani a bakin Inna, kalma-kalma, sai na kasa kunne sosai. Mafi yawa a bakin tsohuwar ɗakin ƙofa, wata Bazabarma mai sayar da fura, wadda ta san gidan tun tana amarya. Ita Kaka, kakar su Umma ce ta wajen uwa. Tana sabuwar amarya ta baro Kano da ayarin masu fataucin goro, a ƙafa, bayan jakuna masu ɗauke da baƙin rini da fata da gabu da kanwa. Hanyar Gwanja ke nan: a haye Kwara, a ratsa Bargu ta Nikki, a bi Sansanin Mango da Yendi. Salaga, babbar kasuwar goron, ta riga ta watse tun yaƙin basasar 1892, fatake sun bazu wasu garuruwan, mijinta ya zarce da ita Kumasi. Ni kwana uku na yi a mota ina ƙorafi, ita wata da watanni ta yi. A hanyar wata mata ta haihu a gindin bishiya, tsohuwar da ke yi wa madugu girki ta karɓi haihuwar, ta ce wa amaryar ta riƙe mata fitila. Karatun ke nan gaba ɗaya.

Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba shi ne wannan. A wurinmu mace in ta yi cikin fari gida take komawa, goyon ciki, ta haihu a ɗakin uwarta, a yi mata wankan gida har arba'in. To matar zango ina gidan? Uwarta tana can bayan tafiyar wata uku, ko ma ba a san tana raye ba. Mijin yana da mai masauki, yana da limami, yana da sarkin zango da zai shiga maganarsa in rigima ta taso. Tarihin zango duk sunayen waɗannan ne. Ita kuwa yarinyar da naƙuda ta kama cikin dare a ƙasar da ba ta jin yaren mutanenta, wa take da shi? Sai ɗakin Kaka ya zama gidan kowa. Mai cikin fari ta tare a wurinta, ta haihu a kan tabarmarta, ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta dafa ruwa safe da yamma, ta dama kunun kanwa, ta sa a nemo ƙauri a yi farfesu. Ranar arba'in ta yi mata kitso da lalle ta raka ta ɗakin miji kamar 'yar cikinta. Daga wankan jego aka zarce jinya, daga jinya aka zarce wankan gawa, don hannun da ya saba da jikin mace shi ake nema a farko da ƙarshe. Ladanta sabulu ne da turmin zane, wani lokaci ƙafar rago. Kanwar kuma dole ta gida ce, ungurnu, duk ayarin da ya sauka sai ta aika a tambaya.

Ita da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, 'yarta ta cikinta a hannunta ta rasu wajen haihuwa ta uku, da ita da abin cikin. Ta bar Inna da Umma ƙanana, Kaka ta goye su. Da korar 1969 ta zo, Kaka ta kai wata takwas a kwance, ko zama ba ta iya yi. Ba a sa irin wannan a bayan babbar mota. Tsohuwar ɗakin ƙofa ta ce a dare ɗaya maza suka yanke magana a zaure: babbar ta zauna. Don kar a kama ta, cikin kwana huɗu aka ɗaura mata aure da wani direba mutumin Yendi, ɗan ƙasa, bisa sharaɗin da tsohuwar za ta tare. Shekararta goma sha bakwai. Amarya ta shiga ɗakin miji da kakarta a kan ƙyauren ƙofa, maza huɗu na ɗauke da ita. Shekara uku ta yi tana juya ta da zane kafin Allah ya karɓi abinsa. Kafin nan matan unguwa sun riga sun saba da ƙwanƙwasa ƙofar, ba su ga dalilin dainawa ba.

Umma ba ta taɓa ba ni wannan labari ba. Abin da na sani kawai, duk ranar da aka ambaci Kumasi sai ta tashi ta sami abin yi a kicin.

Kullum ƙarfe shida na yamma Yaya take bugowa ta bidiyo, uwar Auta ke nan, 'yar Inna ta fari. Tana Ingila, a wani gidan kula da tsofaffi, aikin dare take yi. Shekara goma sha biyar ta yi tana aikin taimaka wa nas-nas a Kumasi, albashin ba ya kai ta ƙarshen wata, miji ya rasu, ta ci bashi ta tafi. Ta yi rashin sa'ar lokaci: tun watan Maris na 2024 Ingila ta hana masu bizar irin wannan aiki tafiya da iyalinsu, ita kuwa bayan nan tata ta fito. Kuɗinta ne ke biyan haya, da famfas na manya, da mai gashin ƙashi da ke zuwa daga asibiti sau biyu a mako. Katin inshorar lafiya na gwamnati, wanda ba a karɓar kuɗin shekara a hannun wanda ya kai saba'in, yana ɗauke wasu magunguna, amma kati ba ya tashi ƙarfe biyun dare.

Takan sa Auta ta haska mata bayan Inna da diddigenta, ta tambayi awon jini, ta tambayi bayan gida. Wani dare ta ce mini tsofaffi goma sha ɗaya ne a hannunta, akwai wata mai shekara casa'in da ba ta yarda kowa ya ba ta abinci sai ita. Can ƙa'idar gidan ce, mutum biyu ke ɗaga mara lafiya, da na'ura. Ranar da aka tara su ana koya musu juya tsoho da wani ƙyalle mai santsi da ake shimfiɗawa a ƙarƙashinsa, ta ce dariya ta kusa ƙwace mata a gaban Baturiyar.

"Zanen Kaka ne fa, ƙanwata. Sun sa masa suna sun ba ni satifiket."

Muka yi dariya, sannan muka yi shiru. Tana can tana wanke uwar wasu don a biya ta, ta aiko a saya wa tata uwar famfas, 'yarta kuma ta ajiye makaranta tana wanke tata uwar kyauta. Ban ga laifinta ba, ko da yake a daren mun ɗan haura sama, na faɗa mata maganar da ba ta dace ba, ta ce ni da na zo hutun mako biyar ba ni da bakin magana. Gaskiyarta.

Inna tana da 'ya'ya maza biyu a garin. Bayan magariba suke zuwa, su tsaya daga bakin ƙofa, "Ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi," su ajiye ledar lemo ko 'yan sidi. Ba miyagu ba ne, ƙaramin ma, mai tuƙa keke mai ƙafa uku, duk abin da ya samu sai ya raba biyu. Amma da an zo maganar hannu sai a ce ai namiji ba ya ganin tsiraicin uwarsa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Karin maganar nan na daɗe ina jin daɗinta a taron mata. A Aboabo na ga ɗaya fuskar tata: hanya ce mai kyau ta tsame rabin gida daga aiki.

Ita kuma majinyaciyar, wanzami ba ya son jarfa. Matar da ta wanke mata ɗari-ɗari ba ta ƙaunar a wanke ta. Ruwa ya yi sanyi, soso ya yi kaushi, an fara ta inda ba a farawa. Da hannu ɗaya da rabin baki take ba da umarni, kuma duk gyaran da ta yi daidai ne. A wurinta na koyi ba da kunu ta gefen bakin da ke da rai, cokali rabi-rabi, a zaune ba a kwance ba, a jira a ga maƙogwaro ya motsa kafin a ƙara. Na koyi yi wa mutum alwala ba tare da an jiƙa masa shimfiɗa ba. Na koyi rufe duk inda ba a wankewa a lokacin, da yi wa mutum hira a kan wani abu daban sa'ad da ake share masa ƙazanta, don ya samu inda zai ajiye idonsa. Wannan na ƙarshen babu wanda ya faɗa mini, gani na yi Auta na yi.

Wata rana da hantsi na gaya mata 'yata tana da cikin fari, wata bakwai. Idonta mai rai ya yi haske. Sai na tsokane ta na ce amma fa yanzu an daina irin wankanku. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da gishirin da ke cikin kunun kanwa da tsananin zafin ruwa da gadon wuta. Na zata za ta yi fushi. Ta daɗe tana tattaro kalmomin.

"Na gani. Masu kumburi. Na rage wuta tun tuni." Ta huta. "Ba ruwan ba ne. Zaman ne. Kwana arba'in... ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa. Miji ba ya zuwa. Wani na kallon ta."

Ranar ce kuma na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da na tabbata shi Umma ta aiko ni in tambaya, ko da yake ba ta furta ba.

"Inna, da aka tafi aka bar ki, ke kika zaɓa?"

"Wa ya tambaye ni?"

Ta juya ido ga bango. Na ɗauka maganar ta ƙare, har na fara tattara kwanuka. Sai na ji ta ce, "Ko an tambaya... zama zan yi. Ita ta goye ni." Can kuma, a hankali: "Amma a tambaya mana."

Da daddare muna wanki a bakin famfo na tambayi Auta me take so. Ta kalle ni kamar na yi mata wani yare. Ta ce tana so ta yi barci daga isha'i har asuba, sau ɗaya. Da na matsa sai ta ce ta ci jarrabawa, an ba ta makarantar kwana, kuma tun 2017 sakandare kyauta ce a ƙasar, har akwati an saya, ga shi can an ɗora masa kwanuka. Na ce nas za ki zama ke nan, irin hannun nan naki? Ta yarfe kumfa ta ce Allah ya kiyaye. Akanta take so ta zama, aikin da ba a taɓa jikin kowa.

Ba ni na warware ba, ban isa ba. Tsohuwar ɗakin ƙofa na kai wa maganar, ta ajiye ludayin furarta ta ce ai ita kunya ce ta hana ta magana, kar a ce ta shiga sha'anin gidan wasu. Ranar Juma'a bayan la'asar ta aika gida-gida: duk macen da Inna ta yi wa wanka, ko ta yi wa uwarta jinya, ta zo. Tsakar gidan ta cika har waje. Aka yi addu'a, aka yi kuka, aka yi alkawura masu yawa. Mata tara suka ɗauki kwanaki. Kafin in taho sun koma biyar, amma biyar ɗin suna zuwa, da safe har azahar, kuma uku daga ciki ba sai an nuna musu yadda ake jan zane ba. Ƙaramin ɗan Inna na tare shi a zaure na ce juyin dare ba ya buƙatar a tuɓe kowa. Ya sosa ƙeya ya ce zai riƙa kwana uku a mako. Na ga ya cika sau biyu. Makarantar kwana dai ta wuce Auta, sai ta jeka-ka-dawo ake nema mata. Sauran dararen huɗu nata ne har yanzu.

Ana gobe zan taho Inna ta sa aka jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai tasa ta tagulla, ta yi baƙi, gefe ɗaya ya lotsa, bakinta ya side don sabo da hannu. Da ita Kaka take ɗibar ruwan wanka tun daga Kano. Ta sa na cika ta da ruwan ɗumi, ta ce in tsoma gwiwar hannu, ba yatsu ba, yatsu ƙarya suke yi. Ta nuna mini yadda ake ɗaure ganyen darbejiya, da inda ake fara watsawa. Auta na gefe tana cewa ban da kanwa, Anti, ban da tafasasshe. Sannan Inna ta tura mini tasar da hannun hagu.

"Tafi da ita."

Na ce Inna, ai ta gidan nan ce, ga Yaya, ga Auta.

"Shi ya sa."

Kanwar ma ta ce a fasa biyu, a bar mata rabi a saman kwaba, in mayar wa Umma rabi.

Na iso Kano ranar Talata da la'asar, da ƙura har cikin kunne. Umma tana kan darduma. Ba ta tambaye ni hanya ba, ba ta tambayi jikin ba, don kullum muna waya. Na kwance kaya: man kaɗe, goro ɗan Gwanja, atamfa, rabin kanwarta a ɗankwalinta. Na fito da tasar daga ƙarshe na ajiye a gabanta. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙa yatsa ta bi lotsawar gefen, ta ce ita ce ta yar da ita a bakin rijiya tana 'yar shekara shida, har Kaka ta zane ta.

Na ce, "To ga ta, ta ce in kawo."

Umma ta janye hannunta, ta tura tasar da bayan yatsu har ta taɓa gwiwata.

"Ba ni ta aiko wa ba. Ki tashi ki yi wanka ki ci abinci. Mijin 'yarki ya bugo, jibi za su kawo ta."